Sharhi kan kwalin tankar M3 Lee na Takom, da batun zaɓen wanda ya yi daidai da ta gaske

Kwalin da zan yi magana a kansa shi ne M3 Lee ƙirar ƙarshe na kamfanin Takom, a ma'aunin 1/35. Ga wanda bai saba da harkar ba, ba tankar wasan yara ba ce da ake saya a haɗe. Guntayen roba ne ɗaruruwa manne a jikin firam, kai za ka yanko su ɗaya bayan ɗaya, ka goge, ka manna da gam, ka yi fenti, har ka sami ƙaramar tanka da kowane sashe nata ya zama kashi ɗaya cikin 35 na ta gaske. Na haɗa shi na gama, kuma na gamsu. Amma gamsuwar ta samo asali ne tun kafin in biya kuɗi, daga yadda na zaɓe shi, don haka da nan zan fara.

Ita M3 tankar Amurka ce da aka ƙera cikin gaggawa. A 1940 Amurkawa sun ga yadda tankokin Jamus suka ratsa Faransa, suka gane cewa dole su sami tanka mai igwa milimita 75, alhali ba su riga sun shirya hasumiya mai juyawa da za ta ɗauki igwa irin wannan ba. Sai suka dasa babbar igwar a jikin gangar tankar ta ɓangaren dama, suka ɗora ƙaramar hasumiya mai igwa milimita 37 a sama, a kan wannan kuma suka ƙara wata 'yar mitsitsiya mai bindiga mai sarrafa kanta. Abin ya fito kamar gidan sama mai hawa uku, tsayinsa ya haura mita 3. Daga 1941 zuwa ƙarshen 1942 an ƙera 6,258. Turawan Ingila ne suka raɗa mata suna. Wadda ke da hasumiyar Amurka suka kira ta Lee, wadda aka yi wa hasumiya irin tasu, mai faɗi da wurin rediyo a baya, suka kira ta Grant, sunayen janar-janar biyu da suka gwabza a yaƙin basasar Amurka. Ta fara shiga wuta a Gazala, cikin hamadar Libiya, a watan Mayun 1942.

To, cikin waɗannan dubu shida da 'yan kai, ba duka ne iri ɗaya ba, kuma a nan masu saye suke faɗawa rami. Mutum ya tambaya, wane kwalin Lee ne ya fi daidai? Tambayar ba ta cika ba sai ya faɗi wace Lee ɗin, a ina, a wace shekara. Na farko-farko suna da ƙofa a kowane gefe da gajeriyar igwa, wasu har da wani dunƙulen ƙarfe a bakin igwar don daidaita nauyi. Daga baya aka toshe ƙofofin gefen saboda suna raunana sulke, aka buɗe mafita ta ƙasa, aka sa doguwar igwa. Mafi yawa an haɗa gangarsu da ƙusoshin rifit, amma akwai M3A1 mai gangar zubi, akwai kuma masu walda. Wasu injin fetur mai silinda tara irin na jirgin sama gare su, wasu dizal, kuma bayan tankar ya sha bamban tsakanin biyun. Kwalin da ya yi daidai da Lee ta Tunisiya a ƙarshen 1942 zai iya zama kuskure tsantsa ga Lee ta Mandalay, a ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu), a 1945, ko da kuwa kowace ƙusa a jikinsa tana mazauninta.

Ni ta Bama nake so. A Turai da Arewacin Afirka tankar Sherman, wadda ta gaje ta, ta ture M3 tun 1943, amma a Bama ta ci gaba da aiki har yaƙi ya ƙare, domin tankokin Japan ba su da ƙarfin da za su tsorata ta, kuma igwogin nan biyu sun dace da fasa ramukan da sojan Japan ke ɓuya a ciki. Lee ce rundunar 25th Dragoons ta sojan Ingila ta yi amfani da ita a Arakan, yammacin Bama, a Fabrairun 1944. Lee ce kuma ta 3rd Carabiniers ta hau tudun Nunshigum kusa da Imphal, a Indiya dab da iyakar Bama, ranar 13 ga Afrilun 1944, inda aka harbe hafsoshin da ke jagorantar tankokin saboda tilas suka leƙo da kai waje don nuna wa direbobi hanya a siririn tudun, har wani saje-manja ya karɓi ragama aka kammala harin. Ga mu 'yan Arewa kuwa Bama ba baƙon suna ba ne, tunda mazan jiya na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma can suka yi yaƙi, da Hausa ake ba da yawansu umarni. Wannan ne ya ja ni. Sai dai ban ajiye sojan Najeriya a gefen tankar tawa ba, ko da yake zuciya ta so. Runduna ta 81 a kwarin Kaladan a 1944 da ƙafa take tafiya, 'yan dako na ɗauke da kaya a ka, jirage na jefo abinci daga sama. Wurin ba na tanka ba ne, kuma wanda ya damu da adadin ƙusa bai kamata ya yi sakaci da wannan ba.

Abin da na yi shi ne na shiga taskar hotunan Imperial War Museum, gidan tarihin yaƙi na Ingila, a intanet, na zaɓi tanka ɗaya tak da aka ɗauka a 1945, na buga hoton na liƙa a bango. Doguwar igwa gare ta, babu ƙofar gefe, an cire 'yar hasumiyar saman nan an sa murfi mai ganye biyu. Takom ta fitar da Lee kashi uku, ta farko da ta tsakiya da ta ƙarshe, ban da Grant. Hoton ne ya ce mini ta ƙarshe, ba zanen da ke bayan kwali ba. Zanen kwali aikin mai talla ne.

Da ya iso, kafin in yanke komai, ruwla na ɗauko. Tsawon gangar M3 mita 5.64 ne, faɗi 2.72, tsayi 3.12. In ka raba da 35 za ka sami kusan santimita 16 da 7.8 da 8.9. Na jera manyan faranta a kan tebur na auna, ban ga abin da ido zai kama ba. Wannan awon yana da amfani amma ba shi ne ke tona asirin kwali ba. Yawancin kamfanoni suna samun tsawo da faɗi. Ƙafafu ne ke ba da su.

Dubi sarƙar. A tankar gaske kowane gefe yana da mahaɗa 79, kowace da fil biyu da suka ratsa ta, sannan akwai wani ƙarfe a gefe mai haƙori wanda ke kama fil ɗin wannan mahaɗa da na maƙwabciyarta. Ma'ana wurin zamansa tsakanin mahaɗa biyu ne, shi ke riƙe su. Akwai wani tsohon kwalin Lee da aka fara bugawa a shekarun 1970, har yau ana sayar da shi da araha, na taɓa haɗa shi. A tasa sarƙar, ƙarfen yana zaune ne a tsakiyar kowace mahaɗa, bai kama komai ba. Da a ce haka ta gaske take, da tankar ba ta yi taku ɗaya ba sarƙar ta watse. Tayoyinsa kuma ƙafa shida-shida gare su, wato ƙarafan da suka tashi daga cibiya zuwa baki, maimakon biyar, ga ramuka a ƙasan gangar domin zamanin ana sa wa irin waɗannan batir da mota su yi tafiya a tsakar ɗaki. Ba na ƙin sa, yana haɗuwa cikin sauƙi kuma ya dace da mai koyo. Amma duk wanda ya san abin, daga nesa zai gane. A kwalin Takom na duba waɗannan wurare biyu da gilashin ƙara girma, ƙarfen yana tsakanin mahaɗa, tayoyi ƙafa biyar.

Sarƙar tasa ba ta roba mai lanƙwasa ba ce, ba kuma ɗai-ɗai ba ce gaba ɗaya. Dogayen sassa ne na sama da ƙasa a haɗe, sai ɗai-ɗai a inda za ta zagaye tayar gaba mai haƙora da ta baya. Ni wannan tsarin na fi so ga irin wannan tanka, domin sarƙar M3 a ɗaure take tamau, ba ta yin lotsawa a sama kamar ta tankokin Rasha, don haka ba ka rasa komai ba. Dabara ɗaya ce: kada ka manne tayar gaba sai ka ɗora sarƙar, don ka iya juya ta haƙoran su faɗa gurbinsu. Ka shafa gam mai ruwa-ruwa, ka bar shi ya fara kamawa amma bai bushe ba, sannan ka naɗa.

Inda na fi daɗewa shi ne gangar sama. M3 tanka ce mai kusurwoyi da yawa, kuma faranti-faranti ake haɗa ta. Amfanin haka shi ne ƙusoshin rifit sun fito sarai a kowace fuska, masu tudu, ba a shafe ba. Kuɗin da za ka biya shi ne haƙuri. In farantin farko ya karkace da kaurin gashi, kafin ka zagayo na ƙarshe ya zama giɓi, kuma ba za ka iya cike giɓin ka goge da samfefa ba sai ka cinye ƙusoshin da ke gefensa. Na jera su duka a bushe tukuna, na riƙe da salatif, na ɗora rufin na ga ya zauna, sannan na bi ta ciki da bakin burushi ina ɗiga gam. Da haka komai ya haɗu lafiya lau. Akwai siraran guntayen tagulla na ragar inji da makaran fitila, matsefata da gam mai kama nan take suke so, kuma in ɗaya ya yi tsalle daga matsefata, to ka yi masa addu'a. Ni cikin babban faranti nake aikinsu, a kan farin ƙyalle.

Kwalin Lee ce irin ta Amurka, don haka mayar da ita ta Bama aikina ne. Na ajiye 'yar hasumiyar saman, na yanka murfi mai ganye biyu daga farantin roba. Na ɗaura ragowar mahaɗan sarƙa a gaba kamar yadda sojojin ke yi don ƙarin kariya. A kan inji kuma suna shimfiɗa raga ta ƙarfe don kada sojan Japan ya manna musu nakiya, wannan na yi ta da guntun ragar sauro ta taga mafi ƙananan ido da na samu, a kan firam na waya. Sai akwatuna da tamfol a baya, da kore mai duhu, da farin tauraro. Cikin tankar babu komai, don haka murfin da na buɗe sai da na toshe shi da ɗan mutum-mutumin kwamanda.

Wanda yake son ciki, da inji da kujerar direba da harsasai a jere, kamfanin MiniArt na Yukren yana da Lee da Grant iri-iri, wasu da cikakken ciki. Na ga ɗaya a hannun wani abokina, abin kallo ne. Amma guntayensa sun ninka, sarƙar kuma kowace mahaɗa sai ka haɗa ta daga sassa, ka yi hakan sau 158. In rufe tankar za ka yi, ban ga dalilin wahalar ba.

Fenti a nan ƙasar wani darasi ne daban. Da hunturu ƙura ba ta barin ɗanyen fenti, sai na riƙa kifa babban kwano a kai da zarar na gama feshi, in kuma yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin kafin in fara. Da bazara kuwa fentin ruwa yana bushewa a iska kafin ya sauka, ya bar jikin tankar da kaushi, gara ka yi da asuba, ka ƙara ruwan tsarma shi, ka matso kusa. Kada kuma ka bar kwalin a mota da rana, dogayen faranta suna banƙarewa. Gam da tina, wato ruwan tsarma fenti, su ne matsalar sayowa daga waje, domin masu aiko da kaya ta jirgi ba sa son abin da ke kama wuta, don haka ka tabbatar ka same su kafin kwalin ya iso. Kuɗin aikowa da na fito da kaya sun kusa kamo kuɗin kwalin kansa, mai sayarwar kuma ya sa shi cikin leda kawai, kusurwa ɗaya ta lotse, Allah ya taimaka firam ɗin bai karye ba.

Wanda bai taɓa riƙe abin yanka firam ba, kada ya fara da wannan, gangar za ta sa ya tsani harkar. Wanda ya haɗa biyu ko uku kuma yana son Lee da za a ajiye kusa da hoto ba a ji kunya ba, ya saya. In tankar hotonka tana da ƙofar gefe da gajeriyar igwa, ɗauki na farko ko na tsakiya. In ta hamada ce ta sojan Ingila mai faffaɗar hasumiya, Grant kake nema, kuma ka duba sarƙarta da kyau, domin da yawansu sun sa wata mai zane a fuskar robar, wadda ba irin ta Lee ta Amurka ba ce.