Tafiya Umara: waya kaɗai ko a haɗa da laftop? Ga yadda na gansu gefe da gefe

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanenmu yayi tambaya jiya da daddare, yace zai tafi Umara na sati biyu kuma yana tsoron kar oga ya neme shi da aiki yana can, wai ya ɗauki laftop ɗinsa ne ko wayarsa ta isa. Naga amsoshi sunata zuwa gajeru gajeru, wannan yace ɗauka kawai, wancan yace bari, ba wanda ya faɗi dalili. To ni na gwada duka biyun, tafiyata ta farko da laftop a bayana, ta biyu kuma waya kaɗai, shi yasa nace bari in zauna in baka amsa da ɗan tsawo ƙanena, don abun ba ƙarami bane ga wanda ya daɗe yana tara kuɗin wannan tafiyar.

Mu fara da nauyi tunda shi zaka fara ji a jikinka tun daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Yawancin kamfanonin jirgi kilo 7 suke yarda ka shiga dashi a hannu, laftop irin ta ofis da cajarta da jakarta zasu cinye maka kusan kilo 3 a ciki, kaga saura kaɗan kenan na harami da magani da kayan sawa kala ɗaya. Kuma ba zaka so jefa ta a babbar jaka ba don kasan yadda ake wurgi da kaya. A wajen bincike ma sau da yawa sai ka zaro ta ka sa a tire daban, ka maida, mutane na bayanka suna jira. Waya kuwa giram ɗari biyu ce ko ƙasa da haka, tana aljihu shikenan. A tafiya baka jin zafin wannan sosai, sai ranar dawowa, lokacin da ka sayi dabino da jallabiyoyi da turare da tsarabar yara kana tsugune gaban sikeli kana cire wannan kana maida wancan, a nan ne kilo ukun nan zasu tsaya maka a rai.

Na biyu kuma wanda yafi damuna ni, shine inda zaka ajiye ta. Waya tana tare da kai har cikin ɗawafi, a ƴar jakar ƙugu ko ta wuya. Laftop ba haka ba, askarawan ƙofar Harami basa barin manyan jakunkuna, kuma ko sun bari waye zai yi ɗawafi da sa'ayi, sa'ayin da shi kaɗai ya kai kusan kilomita uku, da kwamfuta a baya cikin wannan cunkoson. Dole ta zauna a ɗaki. Idan ɗakin na mutum huɗu ne kamar yadda akasarinmu muke samu, kowa da katin ƙofarsa, masu gyaran ɗaki na shiga, baƙin abokan ɗaki na shiga, to hankalinka zai rabu biyu. Ba wai ina zargin kowa bane, ni ba abinda ya taɓa ɓata min alhamdulillah, amma na tuna ina zaune a sahu ana jiran sallar Isha'i zuciyata tana tambayata wai na kulle akwatin nan kuwa, wallahi abun ya min ciwo, na biya kuɗi masu yawa don in zo in natsu a wannan wajen sai gashi ina tunanin kwaɗon akwati. A sati biyun da nayi a can gaba ɗaya sau biyu na buɗe laftop ɗin, kuma duka biyun abinda nayi da ita waya zata iya.

Sannan ka sani ko ka ɗauki laftop ko baka ɗauka ba, wayar ce zata yi aikin tafiyar. Izinin shiga Rauda a Madina ta manhajar Nusuk ake nema, kuma a waya zaka nuna shi a ƙofa. Tikitin jirgin ƙasa na Haramain, wanda yake haɗa Makka da Madina ta Jidda, tafiyar kilomita kusan 450 cikin awa biyu da ƴan mintuna, a waya zaka saya a waya zaka nuna. Kiran mota ta Uber ko Careem, neman hanyar otal a Google Maps idan ka fito ta wata ƙofar da baka sani ba, fassara da mai shago, karatun Alƙur'ani tsakanin salloli, kiran gida, duk waya ce. A wannan ɓangaren babu ma gasa tsakaninsu.

To ina laftop tafi ƙarfi? Gaskiya akwai, kuma bazan ɓoye maka ba don kar kaje ka ji na rufe ka. Duk aikin da yake na amsawa ne waya ta isa, wato karanta imel ka bada amsa, duba takarda kace na gani a ci gaba, sa hannu a PDF, ɗaukar hoton rasit ka maida shi sikan, shiga mitin na Zoom, tura fayil daga Google Drive. Amma aikin da yake na ƙirƙira daga tushe, rahoto mai shafi ashirin, ko Excel mai layuka ɗari biyar da lissafi ya sarƙe a ciki, nan waya wahala ce tsantsa. Bari in baka abinda ya faru dani a tafiya ta biyu. Wani dare bayan mun dawo daga Isha'i ƙafafuna duk sun kumbura, aka turo min jadawalin kuɗi daga wajen aiki wai lamba ɗaya ce bata daidaita ba in duba. Na zauna a bakin gado, abokan ɗaki sunyi barci don haka hasken wayar kawai nake amfani dashi, ina buɗa sikirin da yatsu biyu ina matsewa, in na je ƙarshen dama sai sunayen da suke hagu su ɓace, in dawo hagu sai in manta lambar da na gani. Garin haka babban yatsana ya taɓa wani gida na goge lissafin dake ciki ban ma lura ba, sai da jimillar ƙasa ta canza gaba ɗaya sannan gabana ya faɗi. Allah ya taimaka akwai maɓallin komawa baya. Aikin da a kwamfuta minti goma ne ya ci min sama da awa ɗaya, kuma na makara tashin tahajjud a daren. Ƙari a kan haka, in fayil ɗinku yana da macro, wato umarnin da ake sawa a ciki don ya riƙa yin wani aiki da kansa, to Excel na waya baya tafiyar dashi sam, wannan ba batun haƙuri bane, kawai baya yi. Haka wasu shafukan ofis na cike bayanai, an gina su ne don babban sikirin, a waya sai kaga maɓallin turawa ya ɓuya, wani lokacin in ka zaɓi Desktop site a Chrome yana gyaruwa wani lokacin kuma a'a.

Akwai hanya ta tsakiya da mutane basu cika sani ba. Ƙaramin kibod na Bluetooth mai naɗewa, wanda bai fi girman littafin aljihu ba, da ɗan abin jingina waya a tebur, waɗannan biyun suna canza rubutu a waya sosai, zaka iya rubuta wasiƙa mai shafi biyu uku ba tare da yatsunka sun gaji ba. In kuma wayarka Samsung ce cikin manyan nan na jerin S, akwai DeX, ka haɗa ta da talabijin ɗin otal da igiyar HDMI sai ta buɗe kamar kwamfuta. Amma ka gwada a gida tukuna, kuma ba kowane otal ne zaka samu bayan talabijin ɗin a buɗe ba.

Batun caji kusan kunnen doki ne amma waya ta ɗan fi sauƙi. Soket ɗin Saudiyya mai baki uku ne irin namu na Najeriya, cajarka zata shiga kai tsaye, ƴan'uwanmu na Nijar masu caja mai baki biyu zagaye su ne zasu nemi adafta. Matsalar ɗakin mutum huɗu itace soket ɗin baya isa, don haka ƙaramin ekstenshan na wuta mai baki uku ko huɗu yana da amfani ƙwarai. Pawa bank mai 20,000mAh zai cika maka waya sau biyu zuwa uku, kuma yana ƙasa da iyakar 100Wh da jirage suka sa, wato wajen 27,000mAh. Kar ka kuskura ka sa shi a jakar da za'a auna ta shiga ƙasan jirgi, a hannu ake riƙe shi, kuma wasu kamfanonin yanzu sun hana amfani dashi a cikin jirgi, Emirates ma ta hana tun Oktoban 2025, to ka cika wayarka kafin ka hau. Zafi ma ka kula dashi, Makka in lokacin zafi ne tana wuce digiri 40, waya in tana cikin rana kana ɗaukar bidiyo kana caji lokaci ɗaya zata yi zafi ta rage gudu ko ta kashe kanta.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai ƙanena, don nan ne raunin waya kaɗai yake. In komai naka yana cikin abu ɗaya, ranar da ya faɗi a cunkoso ko ya faɗa ruwa a wajen alwala to komai ya tafi lokaci ɗaya, biza, tikiti, lambar shugaban tawaga, sunan otal, banki, duka. Masu cewa ka ɗauki laftop saboda wannan suna da ƴar gaskiya, sai dai in ka duba da kyau laftop bata warware matsalar, domin lambar OTP da banki ko Gmail zasu turo maka layinka zata je, layin kuma yana cikin wayar da ta ɓata, kaga kana da kwamfuta a gabanka amma an kulle ka a waje. Abinda yake maganin wannan shine ƙaramar waya ta biyu, ko tsohuwar da ka ajiye a durowa ce, ka sa mata imel ɗinka, ka haɗa WhatsApp ɗinka a kanta tunda yanzu ana iya haɗa lamba ɗaya da na'urori har huɗu, ka barta a akwati. Sannan takarda, eh takarda ta gaske, ka buga kwafin fasfo da biza da tikiti, ka rubuta lambobi uku huɗu da biro, ka karɓi katin otal mai adireshi da Larabci ka sa a jakar wuya. Ka danna *#06# ka rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar da ake gane ta da ita in ta ɓata, a wannan takardar. Google yana bada lambobin ajiya guda 10 na shiga akawun in babu layi, ka fitar dasu ka rubuta su ma. Duk wannan nauyinsa bai kai rabin cajar laftop ba.

Layinka na gida kuma kar ka cire shi ka bari a Kano. Ni nayi wannan kuskuren a tafiyar farko, na zo tura kuɗi gida bankina ya tura lamba zuwa layin da yake cikin durowa a ɗakina, sai da na kira aka karanto min ita kafin lokacinta ya ƙare, karo na uku muka dace. Ka tabbatar an buɗe maka romin, wato damar layin yayi aiki a ƙasar waje, kafin ka tashi, ka barshi a wayar amma ka kashe masa data don kar ya cinye maka kuɗi, sai ka sayi layin can, STC ko Mobily ko Zain, shi zai riƙe data. Hotuna kuma ka bari suna hawa Google Photos ko iCloud duk dare da wifi ɗin otal, kyautar Google gig 15 ce kuma da imel ɗinka ake rabawa, to ka share tarkace tun yanzu.

Ni dai shawarata gareka ka tafi da waya kaɗai, in dai ba aikinka na zane bane ko haɗa bidiyo ko irin wancan Excel ɗin mai nauyi wanda ba wanda zai iya taɓa shi sai kai. Kuma kafin ka yanke hukunci kayi gwaji ɗaya, ka kulle laftop ɗin a durowa kwana uku cikin satin nan kana zuwa aiki, duk abinda ya taso kayi shi a waya, duk inda ka maƙale ka rubuta. In abubuwan da suka maƙale biyu ne ko uku, ka gama su kafin tafiya ko ka koya wa abokin aikinka ka miƙa masa. In kuma kaga kullum sai ka buɗe durowar to ka ɗauke ta, ka sayi kwaɗo mai kyau.

Ka kuma zauna da ogan naka tun yanzu cikin ladabi ka faɗa masa Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, ƙarfe huɗun yammansa shidanka ce, kana shirin Magariba a Harami kuma daga nan sai bayan Isha'i zaka fito. Ka bashi lokaci ɗaya a rana da zaka duba saƙo, ni bayan Azahar nake yi in an dawo ɗaki hutawa, minti talatin ya isa. Allah ya kaiku lafiya ya karɓi ibada, in ka isa Rauda ka saka mu a addu'a, kuma ka faɗo mana wace irin waya ce a hannunka da girman ma'ajiyarta don in gaya maka ko tana buƙatar a rage mata kaya kafin ranar tashi.