Motsa Jiki: Bayan Asuba ko Bayan La'asar?

Ana yawan tambayata wane lokaci ya fi dacewa da motsa jiki, safe ko yamma.

Wajen ƙarfi dai yamma ce kan gaba. Zafin cikin jiki yakan yi ƙasa wajen ƙarfe 4 na asuba, ya hau sama da yamma, lokacin da tsoka ta saki, gudu da ɗaga nauyi suke zuwa da sauƙi. Da sassafe kuwa magagin barci bai gama sakin mutum ba, gaɓoɓi a sandare, ƙafa ba ta tsayawa daram. Wannan ne ke damuna game da dattawanmu, domin faɗuwa ɗaya na iya karya ƙugu. Su fara da tafiya a hankali tukuna.

Amma fa a watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma da la'asar ƙasa ba ta huce ba. A nan sanyin safiya ya fi aminci. Ga biki, kasuwa da baƙi, duk yamma suke cinyewa.

Ɗan ƙwallo da ɗan dambe, yamma ta fi musu. Ma'aikaci, ɗan kasuwa da wanda zafi ke wahalarwa, su riƙe safiya.