Fam ɗin zinariyar Ingila: wanne ya dace ka zuba wa kuɗinka?

Tsabar zinariyar nan da Turawan Ingila ke kira Sovereign nauyinta bai sauya ba tun 1817: giram 7.98, karat 22, faɗinta milimita 22.05. Zinariya tsantsa a cikinta giram 7.32 ce, ragowar kuma galibi jan ƙarfe ne da aka gauraya don kada ta yi saurin cinyewa a hannun jama'a. Darajarta a doka fam ɗaya ce. Duk da haka, a watan Janairun 2020 an sayar da guda ɗaya mai hoton Sarki Edward na 8 a kan fam miliyan ɗaya, alhali ƴan'uwanta masu nauyi iri ɗaya suna nan birjik a shagunan dillalai a kan kuɗin zinariyarsu da ɗan abin da ba a rasa ba. Don haka kafin ka taɓa aljihu, ka san me kake saye: zinariya ce, ko ƙarancin samu?

Lissafin farko ba shi da wuya. Ka nemi farashin giram ɗaya na zinariya tsantsa a ranar, ka ninka da 7.32. Duk abin da aka ɗora maka sama da wannan, kuɗin tarihi ne da ribar dillali, kuma ya kamata a iya gaya maka dalilinsa.

Na zamanin gidan sarautar Tudor mu wuce su da sauri. Sarki Henry na 7 ne ya fara buga tsaba mai wannan suna a 1489, babba ce, nauyinta ya kusa ninka na yanzu, da hoton sarki zaune a kan karaga. Wannan ta gidajen tarihi ce da manyan attajirai, sai a gwanjon kamfanoni irin su Spink da ke Landan ake ganinta.

Wadda ake nufi a kasuwa ta fito ne a 1817, zamanin George na 3, bayan yaƙin Napoleon, lokacin da Ingila ta sake tsarin kuɗinta. Wani ɗan Italiya, Benedetto Pistrucci, shi ya zana bayanta: Waliyyi George bisa doki yana tattake dodo. Na George na 3, da George na 4, da William na 4 duk suna da tsada, don ba su da yawa kuma yawancinsu sun sha hannu. Ta 1819 kuwa ƴan ƙalilan ne suka rage a duniya. Sabon shiga ba shi da abin yi a nan, sai dai kallo.

Inda kasuwar take da daɗi shi ne zamanin Sarauniya Victoria, 1837 zuwa 1901. Fuska uku ta yi a kan wannan tsaba. Ta farko budurwa ce da gashi a ɗaure ta baya, aikin William Wyon, kuma da wannan fuskar aka yi ta bugawa daga 1838 har 1887, sarauniya tana dab da shekara saba'in amma a kuɗi tana nan ƴar yarinya. Sai ta bikin cikarta shekara 50 a kan mulki, 1887 zuwa 1893, da wani ɗan ƙaramin kambi a tsakar ka kamar zai zame ya faɗi, wanda mutanen lokacin suka yi ta yi wa dariya. Ta ƙarshe, 1893 zuwa 1901, tsohuwa ce da mayafin takaba. A cikin masu fuskar ƙuruciya akwai iri biyu: mai garkuwar sarauta a baya, da mai doki, wadda ta dawo a 1871. Mai garkuwa ta fi tsada, kuma a ganina ta fi kyau. Wasu daga 1863 zuwa 1874 suna ɗauke da wata ƴar mitsitsiyar lamba a ƙasan garkuwar, lambar hatimin ƙarfen da aka buga su da shi, akwai masu tarawa da ba abin da suke bi sai waɗannan lambobin. Ta 1841 ita ce mai wuyar samu a jerin.

Na Edward na 7 (1902 zuwa 1910) da na George na 5 an buga su da yawan gaske, shi ya sa farashinsu ke kusa da na zinariya zalla. Abin da ke bambanta su shi ne inda aka buga. Ka sa gilashin ƙara girma ka dubi ƙasan da dokin ke takawa, daidai saman shekarar: S na nufin Sidni, M Melbon, P birnin Perth (duk ukun a Ostareliya), C Otawa ta Kanada, I Bombai ta Indiya, SA kuma Piretoriya ta Afirka ta Kudu. Idan babu harafi, ta Landan ce. Bombai shekara ɗaya tak ta buga, 1918. Harafi ɗaya kan ninka farashi: ta 1917 ta Perth ba ta da wuyar samu, amma ta Landan ta wannan shekara tana cikin waɗanda ake nema ruwa a jallo, shi ya sa jabunta suka fi na gaske yawa. Haka ta Otawa ta 1908 da ta Sidni ta 1920. Yaƙin duniya na farko ne ya kori fam ɗin zinariya daga hannun talakan Ingila, kuɗin takarda ya maye gurbinsa a 1914, amma rassan gidan buga kuɗin da ke ƙasashen waje suka ci gaba da bugawa har Piretoriya ta rufe babin a 1932.

Shi Edward na 8 ya yi murabus a Disambar 1936 don ya auri Wallis Simpson, kafin a saki kuɗinsa. Gwaji kawai aka buga. Ya ma karya al'adar da ke cewa kowane sabon sarki ya juya fuska saɓanin wanda ya gada: George na 5 hagu yake kallo, shi ma ya dage sai hagu. Duk wanda ya miƙo maka irinta a kasuwa, ka yi masa sallama.

Mai neman ajiya kawai, ya dubi na Elizabeth ta 2 na 1957 zuwa 1968. Ba su taɓa yawo a hannun jama'a a matsayin kuɗin kashewa ba, don haka yawancinsu tas suke. An dawo da buga su ne har da dalilin jabu da suka cika kasuwannin Turai da Gabas ta Tsakiya a shekarun 1950. Sababbi kuwa na Charles na 3, masu sheƙi a cikin akwati, kuɗin akwati da talla kake biya, kuma ba lallai ka maido shi ranar sayarwa ba.

Maganar jabu ta shafe mu kai tsaye. Sisin gwal da ake sayowa a Makka ko Dubai, a kai sadaki ko a yi wa amarya sarƙa, da yawa suna ɗauke da hoton George da dokinsa amma maƙeran zinariya ne suka kwaikwaya, wasu ma da tambarin karat 21 a jiki. Zinariya ce ta gaske, sai dai ba kuɗin Ingila ba ce, kuma mai tara tsofaffin kuɗi ba zai ƙara maka ko kwabo a kanta ba. Ka ɗora a sikeli mai nuna ɗigo biyu, ka auna faɗi, ka dubi zaren gefe ko ya tafi daidai. Wadda aka zuba a mazubi fuskarta kan yi laushi, rubutun ya yi kumburi. Ka kuma duba gefen sama ko akwai tabon walda, alamar an taɓa rataye ta a sarƙa, wannan ta koma kuɗin nauyi. Wadda aka goge ta yi ƙyalli ita ma ta faɗi, don haka kada ka kai taka wurin mai wankin gwal.

Idan abin da za ka biya ya wuce kuɗin zinariyar da nisa, kada ka karɓa sai wadda kamfanin tantancewa irin NGC ko PCGS ya rufe a roba, da lambar da za ka iya bincikawa a shafinsu da makin da suka ba ta a ma'aunin 1 zuwa 70. Rabin fam kuma, mai giram 3.99, ya fi sauƙi a aljihu, amma ribar da ake ɗora wa kowane giram nasa ta fi yawa.

Da ni ne da kuɗin guda uku, zan ɗauki Victoria mai mayafi da George na 5 na Piretoriya a farashin kusa da nauyi, in ƙara ɗan kuɗi a kan ta ukun in sami mai garkuwa wadda gashin sarauniyar bai shafe ba a saman kunne, don nan ne yake fara cinyewa.