Awon tsibin ƙasa: gindi shimfiɗaɗɗe ko mai bin iyaka?

Ɗan'uwa, ka ce ka zagaye tsibin ƙasa da layi a taswirar tsayin da dron (ƙaramin jirgi marar matuƙi mai ɗaukar hoto) ya ɗauko maka, ka lissafa yawan ƙasar a manhajar QGIS, ka sake a manhajar Pix4D, amsoshin suka sha bamban sosai. Kafin ka zargi manhaja, duba gindin da kowacce ta ɗora tsibin a kai. Dron saman tsibi kawai yake gani, abin da ke ƙarƙashi kuwa kai ne za ka faɗa wa kwamfuta.

Hanya ta farko, ka ba da tsayi ɗaya, a ɗauka gindin tsibin a shimfiɗe yake kamar daɓe. Kayan awon da ke cikin QGIS haka yake aiki: faɗin kowane ɗan murabba'i na taswirar sau tsayinsa sama da gindin, sai a tara. Ta biyu, wadda Pix4D ke da ita cikin zaɓuɓɓukansa, tana ɗaukar tsayin kowane ɗigo na layin da ka zana, ta haɗa su alwatika-alwatika, gindin ya bi kwanciyar ƙasa.

A kan gangara ake gane bambancin. Ɗauki fili mai murabba'in mita 2,000 da ya gangara mita 1 daga wannan baki zuwa wancan. In ka sa gindi a wuri mafi ƙasa, ka haɗa da tsohuwar ƙasa mai kaurin rabin mita a matsakaici, wato kubik mita 1,000 da babu wanda ya zuba. Tifa 100 ke nan in kowace tana cin kubik 10. Wani zai biya kuɗinta, kuma wannan ne ke damuna.

Saboda haka a fili ni ta biyun nake bi. Sai dai tana son haƙuri: layin ya zauna daidai inda tsibi ya haɗu da ƙasa, a ƙara ɗigo a duk inda ƙasar ta karya. Ɗigo ɗaya ya hau kan tsibin ko kan motar da aka ajiye a gefe, gindin ya ɗagu, lissafi ya ragu.

Ta farkon ma tana da ranarta. Tsibin da ke kan daɓen siminti, ko wanda ya jingina da bango ta yadda ba ka ganin gindinsa ta baya, tsayin daɓen za ka ba shi.

In kuwa akwai awon filin tun kafin a fara zuba ƙasa, ajiye duka biyun, ka cire tsohon awo daga sabo. Ka dai tabbata ma'aunin tsayinsu ɗaya ne, domin kuskuren santimita 5 a hekta guda kubik mita 500 ne.