rsyslog ko Filebeat: wanne zai tattaro maka log ɗin sabobinka?

Malam, ka ce sabobi shida ne a hannunka, duk Nginx (manhajar da ke ba da shafukan yanar gizo), kuma ka gaji da shiga kowace daga nesa ta SSH don duba log, wato bayanan da saba ke rubutawa kan abin da ke faruwa a cikinta. Kana son layukan su riƙa isowa wuri ɗaya cikin 'yan daƙiƙu, shi ne kake tambaya tsakanin rsyslog da Filebeat, manhajoji biyu masu kwashe log su tura shi wata saba.

A wajen sauri kunnen doki suke yi. Inda suka rabu shi ne ranar da netwok ya yanke, da kuma abin da kake son yi da log ɗin bayan ya taru.

rsyslog, wanda Rainer Gerhards ya fara a 2004, mai yiwuwa yana kan injinanka tun tuni, kuma ba ya cin RAM. Sai dai yadda aka fi haɗa shi a nan matsalar take. Nginx tun daga 1.7.1 yana iya tura log kai tsaye zuwa syslog (tsarin karɓar log da rsyslog ke bi), amma ta hanyar aika bayanai ta UDP yake turawa, a ƙofa (port) ta 514. UDP ba ya jiran a ce an karɓa. Idan sabar da ke tarawa ta mutu na minti goma, log ɗin minti goman nan ya tafi ke nan, kuma babu wanda zai gaya maka. Gyaran shi ne ka bar Nginx ya rubuta fayil ɗinsa kamar kullum, rsyslog ya karanta da imfile (sashensa mai karanta fayil), ya tura ta RELP (hanyar da ke jiran a ce an karɓa), sannan ka kunna masa layin jira a kan faifai. Da hanya ta dawo, zai kwashe abin da ya taru ya aika.

Filebeat na kamfanin Elastic da wannan hali yake zuwa. Yana riƙe inda ya tsaya a kowane fayil, idan Logstash, manhajar da ke karɓar log daga wajensa, ya cika a ƙofa ta 5044 sai ya rage gudu. Wani lokaci layi ɗaya zai zo sau biyu, wanda a ganina ya fi a rasa shi. Ya kuma fi sauƙin saitawa wajen haɗa dogon kuskure mai layuka da yawa. Shi kansa ba shi da nauyi, Elasticsearch da ke bayansa, ma'ajiyar da log ɗin ke taruwa, shi ne mai cin RAM na gaske, kuma sai an kula da shi.

Da sabobi shida, ni rsyslog zan ɗauka, in dai grep da tail, umarnin bincike da duba ƙarshen fayil, sun ishe ka. Idan kuwa oga yana son ganin zanen kuskuren 500 (lambar da saba ke bayarwa idan ta gaza) a Kibana, allon zane-zane na Elastic, kowace safiya, je ka Filebeat, ka ware wa Elasticsearch inji.

Ko wanne ka zaɓa, sa chrony ya daidaita agogon duk injinan, ka kuma cire saitin copytruncate daga logrotate, manhajar da ke juya tsohon fayil ɗin log zuwa sabo, don yana iya zubar da layuka lokacin juya fayil.