Texas ko Illinois: Ina Leburan Sola Ya Fi Gata?

Texas ta sakar wa kamfanoni mara: ƙa'idoji kaɗan, gini cikin sauri. Babu jihar Amurka da ta kai ta samar da lantarki daga iska. Amma leburan da ke ɗaura farantan sola cikin ƙunar rana fa? Jihar ba ta tilasta wa kamfanoni masu zaman kansu inshorar diyyar rauni, kuma a 2023 ta yi dokar da ta soke hutun minti 10 da biranen Austin da Dallas suka wajabta wa magina.

Illinois kuwa, a dokarta ta makamashi ta 2021, ta gindaya wa manyan ayyukan sola da iska sharaɗi: albashi daidai da na yankin, da yarjejeniya da ƙungiyoyin ƙwadago. Kuɗin aiki zai ƙaru, gaskiya ne, amma ni na fi karkata can.