Kemis ɗin kan kwanarmu a Manchesta: ta ƙi ba ni maganin da na je nema

Kafin in biyo maigidana Manchesta, inda yake digirinsa na uku, na ɗauka likita a Ingila kamar famfo yake, ka murɗa ya zubo. Ai tare da biza muka biya kuɗin lafiya, fam 776 duk shekara a kan kowane kai, har da yaron. Sai da ciwo ya zo na gane biya daban, ganin likita daban.

Daren wata Talata cikin sanyin Fabrairu, yarona ɗan shekara uku ya farka da ihu wajen ƙarfe biyu, hannu dafe da kunnen hagu. Jiki zafi rau, ma'auni ya nuna 38.6. Na ba shi Calpol, wato farasitamol na yara, na goya shi ina zagaya falo har asuba. Takwas na bugawa na kira asibitin unguwa da muka yi rajista, don a nan wanda ya wuce takwas ya makara. Ni ce ta goma sha huɗu a layi. Da aka zo kaina matar da ta ɗauki wayar ta ce yau babu sauran gurbi, amma tunda kunne ne in kai shi kemis.

Raina ya ɓaci. A Zariya ma ai kemis nake zuwa, to me na zo yi Turai?

Shagon ƙarami ne, tsakanin mahauci da wani mai gyaran waya. Na shiga da shirina: a ba ni amoksil in koma gida, yadda muka saba. Yarinyar da ke kan kanta ta ɗauki sunan yaro da ranar haihuwarsa, ta ce mu jira mai magani. Minti arba'in muka yi a tsaye. Mai maganin ita kaɗai ce, ga dattawa sun yi layin karɓar nasu, kujera ɗaya tal a shagon.

Da ta kira mu ɗakin duba marasa lafiya, wanda ko keken yaro ba ya shiga, sai na ga abin da ban taɓa gani a kemis ba. Ta ɗauko 'yar fitila mai tsinin baki ta leƙa kunnuwan duka biyun, ta fara da mai lafiyar don kar ya tsorata. Ta tambayi ko ruwa ko mugunya ya fito, ko akwai maganin da jikinsa ba ya so, ko yana shan ruwa yana fitsari. Sannan ta ce, yaushe rabonku da Najeriya? Na ce wata goma sha huɗu. Ta ce ta tambaya ne saboda zazzaɓin cizon sauro, don yana iya ɓoyewa watanni kafin ya fito, kuma duk inda na kai yaro da zazzaɓi in faɗi wannan tun ba a tambaye ni ba. A nan na fara saukowa.

Ashe tsari ne da ake kira Pharmacy First, an fara shi a Ingila ranar 31 ga Janairun 2024. Ya ba masu kemis damar duba cututtuka bakwai su ba da magani ba sai da takardar likita ba. Ciwon kunne na cikinsu, daga ɗan shekara 1 zuwa 17.

Amoksil dai ta ce a'a. Na yi magiya, har da cewa ni na san ɗana. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma janye ba. Ta ce kunnen ya yi ja amma fatar cikin kunnen ba ta huje ba, kuma yawancin irin wannan yana warkewa da kansa cikin kwana uku, wani lokacin ya kai mako. Ta ba ni maganin ɗigawa mai kashe zafi, ta rubuta lokutan Calpol a jikin kwali da biro: kar ya wuce sau huɗu a awa 24. In kwana uku suka wuce babu sauƙi, in dawo ta sake dubawa. In kuwa bayan kunnen ya kumbura, ko wuyansa ya sanƙare, ko ƙuraje suka fito waɗanda ba sa ɓacewa in an danna musu kofin gilashi, kar in biyo ta wajenta, in kira 999, lambar gaggawa. Ko sisi ban biya ba, yaro ƙasa da shekara 16 kyauta ake ba shi maganin da aka rubuta masa.

Ta kuma hana ni abin da na taso na ga ana yi, wato goge yaro da jiƙaƙƙen tsumma. Wai a bar shi da kaya marasa nauyi, a yi ta ba shi ruwa. Wannan kam na ji ne kawai, hannuna bai gama yarda ba.

Inda shagon ya gaza: shida na yamma sun rufe, Asabar rabin yini, Lahadi ko ƙofa ba sa buɗewa, alhali ciwon yara da dare yake tashi. Kayan kan kantarsu ma da tsada. Daga baya na gano farasitamol ɗin yara na manyan kantuna ƙarfinsu ɗaya da Calpol, miligiram 120 a kowane mililita 5, kuma ya fi araha. Sannan da na koma da shi wata biyu baya da ciwon maƙogwaro, ta ce wannan sai ɗan shekara 5 zuwa sama, in kira 111, lambar neman shawarar lafiya. Na kira, aka samo mana likita da yammacin ranar.

Duk da haka, uwar da ke nan ba dangi kusa, ina ba ta shawara ta san kemis ɗin unguwarta tun yaro na lafiya, ta tambaya ko suna duba kunne, ta haddace lokacin rufewarsu.

Ran Juma'a yaron ya tashi yana neman shayi da burodi. Na kira Umma a WhatsApp na nuna mata shi yana tsalle a kan kujera. Ta daɗe tana kallonsa, ta yi hamdala, sannan ta ce, "To ke yanzu ko allura ɗaya ba su yi masa ba?"